Tsufa da Tiyatar Hanta: Shin Hantar Dattijo Za Ta Iya Jurewa?

Idan likita ya duba hoton cikin dattijo ya ce akwai ƙari a hanta, kuma hanyar magance shi ita ce a yanke ɓangaren da ya kamu, tambayar da 'ya'ya ke fara yi kusan ɗaya ce a ko'ina: "Likita, da shekarun Baba zai iya jure wannan aiki kuwa?" Wasu ma ba sa tsayawa jin amsa. Da sun ji an ambaci tiyata sai su ɗauki mahaifinsu su koma gida, don a ganinsu wanda ya haura shekara 70 ba shi da abin yi a ɗakin fiɗa. Akwai kuma waɗanda suka taɓa jin cewa hanta tana sake tofowa bayan an yanke ta, sai suka ɗauki aikin da sauƙi fiye da yadda yake.

Amsar ba ta cikin yawan shekaru kaɗai. Abu biyu likitan tiyata ke son sani. Na farko, hantar da za ta rage bayan an yanke za ta isa ta riƙe jiki har ta farfaɗo? Na biyu, sauran jikin, wato zuciya da huhu da ƙoda da ƙwaƙwalwa, zai iya haƙuri har hakan ta faru? Tsufa yana taɓa duka biyun, amma ba iri ɗaya yake taɓa kowa ba. Balle ma dattawanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, shekarun da ke rubuce a katin asibiti kintace ne kawai. Wannan lamba ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

Abin da shekaru ke yi wa hanta

Hantar babban mutum tana kai wa kusan kilo ɗaya da rabi, tana zaune a dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke harbawa a cikinta yake bi. Ita ke sarrafa abincin da hanji ya tsotso, ta ajiye sukari don lokacin buƙata, ta haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, ta haɗa furotin ɗin albumin mai riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, ta fitar da ruwan matsarmama, ta kuma warware magunguna da guba don jiki ya zubar da su.

Da shekaru suka ja, hanta tana raguwa. Wani bincike da aka wallafa a 1989 daga Newcastle a Ingila ya auna hantar lafiyayyun mutane, daga matasa har 'yan shekara 90, ya nuna girmanta da yawan jinin da ke bi ta cikinta duka suna sauka yayin da mutum ke manyanta. Binciken da suka biyo baya sun tabbatar da haka: girman yana raguwa da kashi 20 zuwa 40 cikin 100 a tsawon rayuwa, jinin da ke shiga kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai wani sauyi kuma da ido ba ya gani. Ƙananan hanyoyin jini na cikin hanta suna da 'yan ramuka a bangonsu kamar rariya, ta nan abinci da magani ke tsallakawa daga jini zuwa ƙwayoyin hanta. A jikin tsoho ramukan suna raguwa, bangon yana kauri, sai tacewar ta yi nawa.

Duk da haka, idan aka ɗebi jinin lafiyayyen dattijo aka yi masa gwajin hanta na yau da kullum, yawanci sakamakon lafiya lau zai fito. Nan mutane ke ruɗuwa. Dalili shi ne hanta tana da rarar ƙarfi mai yawa fiye da abin da jiki ke buƙata a rana ta yau da kullum. Kamar magidanci ne da rumbunsa ya ragu zuwa rabi: muddin ana dafa tuwon dare kamar kullum, babu wanda zai gane, sai shekarar da damina ta ƙi. Tiyata ita ce wannan shekarar. Gwajin jini yana nuna ana cin tuwo a gidan, amma ba ya nuna abin da ya rage a rumbu. Hasali ma sinadarin ALT, wanda mutane suka fi dubawa a takardar gwaji, yakan sauka da tsufa, don haka ƙanƙantarsa a jikin ɗan shekara 80 ba shaidar ƙarfin hanta ba ce.

Kada wannan ya sa a ɗauka hanta gaɓa ce mai saurin tsufa. Akasin haka ne. A 2022 masu bincike a Dresden ta Jamus sun auna shekarun ƙwayoyin hantar mutane daga 'yan shekara 20 zuwa 84, suka tarar a matsakaici ƙwayoyin ba su kai shekara uku ba, ko a jikin matashi ko a jikin tsoho, domin hanta tana sabunta kanta har ƙarshen rayuwa. A ƙasashe irin su Italiya an yi dashen hantar mutanen da suka haura shekara 80 ga wasu majinyata, ta kuma ci gaba da aiki. Idan aka kwatanta da ƙoda ko zuciya, hanta tana cikin gaɓoɓin da suka fi jure shekaru.

Kwanakin da ke tsakanin yanka da farfaɗowa

Tun a 1931 wasu masu bincike biyu a Amurka, Higgins da Anderson, suka nuna cewa idan aka cire kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, cikin mako ɗaya zuwa biyu nauyinta zai dawo. Ba ɓangaren da aka yanke ne ke sake fitowa ba, kamar yadda reshe ke tofowa. Wanda ya rage ne ƙwayoyinsa ke rarrabuwa suna ƙaruwa har ya cike gurbin. A jikin ɗan Adam mafi yawan wannan girma yana faruwa ne a makonnin farko, sannan ya ci gaba a hankali na tsawon watanni.

Da aka maimaita gwajin a kan tsofaffin ɓeraye, an ga bambanci iri biyu: ƙwayoyin sun makara kafin su fara rarrabuwa, kuma waɗanda suka amsa kiran ba su kai na ƙananan ɓeraye yawa ba. Mutum ba ɓera ba ne, amma abin da ake gani a asibiti bai yi nisa da wannan ba. Hantar dattijo tana farfaɗowa, sai dai da jinkiri. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Matsalar a nan ita ce daɗewar kanta, domin jiki ba ya dakatar da buƙatunsa ya jira hanta ta gama girma. A waɗannan kwanakin ne ɗan abin da ya rage zai ɗauki aikin da dukan hantar ke yi a da, ga shi yana ƙoƙarin girma, ga jiki na fama da rauni da magunguna, wataƙila ma da ƙwayoyin cuta.

Idan abin da ya rage ya kasa, shi ne ake kira gazawar hanta bayan tiyata, kuma shi ne abin da likitan fiɗa ya fi tsoro. Idanu su yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa, ruwa ya taru a ciki, hankali ya gushe. Shi ya sa za ku ga ana ɗibar jini kusan kullum a makon farko. Kada ku firgita idan ALT da AST suka haura sama a rana ta farko da ta biyu, wannan sananne ne bayan an taɓa hanta, kuma sukan sauko da kansu. Abin da likitoci suka fi zuba wa ido shi ne bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara, da INR, ma'aunin daskarewar jini, musamman daga rana ta 5. Idan a lokacin sun kama hanyar sauka, alama ce mai kyau. Idan suna ta hawa, akwai aiki a gaba.

Don kauce wa haka ake lissafin abin da zai rage tun kafin a shiga ɗakin tiyata, ta amfani da hoton CT ko MRI. Likitan Faransa Claude Couinaud ya nuna a shekarun 1950 cewa hanta ta kasu yanki 8, kowanne da jijiyoyinsa, kuma da wannan taswira ake aiki har yau. Cire yanki uku ko fiye shi ne babban aiki. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce: lafiyayyiyar hanta tana buƙatar a bar mata aƙalla kashi 20 zuwa 25 cikin 100, wadda ta sha magungunan kansa, kashi 30, mai tauri da tabo, kashi 40. Ga dattijo, likita mai hankali ba ya tsayawa a bakin iyakar, yakan bar rara.

Shekarun mutum daban, shekarun hantarsa daban

A ɗauki mutum biyu. Ɗaya ɗan shekara 75, manomi, bai taɓa ciwon hanta ba, har yanzu yana zuwa gona da ƙafarsa. Kansar babban hanji ce ta aika ƙari guda ɗaya zuwa hantarsa. Ɗayan ɗan shekara 48, yana ɗauke da cutar hanta nau'in B tun yana yaro bai sani ba, hantarsa ta yi tauri, saifarsa ta kumbura. Sau da yawa dattijon ne zai fi dacewa da babban aiki, na biyun kuwa ko ƙaramin yanka na iya kayar da shi.

Wannan misali ya shafe mu kai tsaye. A Turai da Amurka, yawancin tiyatar hanta ana yin ta ne saboda kansar da ta taso daga hanji, a jikin mutanen da hantarsu ba ta da wani tsohon ciwo. A yankinmu kuwa kansar da ta samo asali a hantar kanta ce ta fi yawa, kuma tana kama mutane da wuri, galibi 'yan shekara 30 zuwa 50. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar hanta nau'in B. Ga kuma gubar afulatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi, wadda idan ta haɗu da cutar B haɗarin kansa ke ninkuwa. Ƙari a kan haka akwai cutar hanta nau'in C, da kitsen da ke taruwa a hanta saboda ƙiba da ciwon suga, da giya, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Dattijon da ya rayu da ɗaya daga cikin waɗannan na shekara arba'in, abin da ya raunana hantarsa tabon ne, tsufa ƙari ne kawai a kai.

Don gano wannan tabo likita zai haɗa abubuwa da dama. Akwai ma'aunin Child-Pugh, wanda ke duba bilirubin, albumin, daskarewar jini, ruwa a ciki da gushewar hankali, ya raba majinyata rukuni A, B da C. Yanka hanta yawanci na 'yan rukunin A ne. Za a duba ƙwayoyin jini na faletilet. Idan sun yi ƙasa da 100,000 tare da kumburin saifa, alama ce cewa jini yana cunkushewa a ƙofar hanta, kuma hakan yana ƙara haɗari sosai. Ana iya zura kyamara ta baki a duba ko jijiyoyin maƙogwaro sun kumbura. Inda akwai na'urar FibroScan tana auna taurin hanta ba tare da yanka ba. Wasu cibiyoyi, musamman a Japan da sauran ƙasashen gabashin Asiya, suna yin allurar wani koren rini su auna nawa ya rage a jini bayan minti 15. Lafiyayyiyar hanta ba ta barin fiye da kashi 10 cikin 100.

Abin da ke kayar da dattijo sau da yawa ba hantar ba ce

Tiyatar hanta ta yi nisa. Wani nazari da aka yi a Amurka a 1977 ya nuna mutum 13 cikin 100 ne ke rasuwa sanadin aikin. A wata babbar cibiyar kansa ta New York kuwa, cikin majinyata 1,803 da aka yi wa aikin daga 1991 zuwa 2001, adadin ya sauka zuwa kusan 3 cikin 100. Cibiyoyi da yawa sun bayar da rahoton cewa dattawan da aka tantance da kyau suna samun sakamako kusa da na waɗanda ba su kai su shekaru ba. A lura da kalmar tantancewa. Waɗannan alƙaluma na mutanen da aka zaɓa ne, a asibitocin da ke yin aikin kullum, masu ɗakin kulawa ta musamman da wadataccen jini. Ba rashin ladabi ba ne ku tambayi likita sau nawa ake irin wannan aiki a asibitinsa a shekara.

Inda dattawa suka fi bambanta da matasa shi ne a matsalolin da ke wajen hanta. Yankan yana saman ciki, dab da huhu, don haka numfashi mai zurfi da tari suna zafi. Majinyaci ya riƙa ɗan shaƙa sama-sama, majina ta taru, namoniya ta shiga. Zuciya kan rikice da bugu. Ƙoda ma tana cikin haɗari, domin lokacin yanka likitan sa barci yakan rage ruwan da ake ƙarawa da gangan don a rage zubar jini daga hanta, kuma ƙodar da ta tsufa, ko wadda hawan jini da suga suka riga suka taɓa, ba ta son ƙishirwa. Akwai kuma dabarar matse jijiyoyin da ke kai jini hanta na ɗan lokaci, wadda likita Pringle na Glasgow ya bayyana a 1908. Tana rage zubar jini, amma tsohuwar hanta da mai kitse ba sa jure rashin jini kamar ta saurayi, shi ya sa ake matsewa kamar minti 15 a saki minti 5.

Sai tsoka. Wannan ne iyalai suka fi rainawa, alhali yana cikin abubuwan da suka fi nuna yadda mutum zai tashi bayan aiki. Dattijon da cinyoyinsa da damatsansa suka zube, ko da yana da tumbi, yana da ƙarancin abin da jiki zai jawo ya gyara rauni. Shi ya sa tambayoyin likita kan zama kamar hira: Baba yana zuwa masallaci ko kasuwa da ƙafarsa? Yana iya tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba? Zai hau bene hawa biyu bai tsaya haki ba? Ya faɗi a 'yan watannin nan? Rigunansa sun yi masa yawa? Ku ba da amsa ta gaskiya. Mun san 'ya'ya kan so su nuna ƙarfin mahaifinsu don kada a hana shi aiki, shi ma dattijon ba ya son a ce ya gaza, amma ƙawata amsa a nan cutarwa ce.

Magani a jikin tsoho

Tun kafin a yanke komai, hantar dattijo tana warware magunguna da yawa a hankali fiye da ta matashi. Misali mafi sauƙi shi ne maganin barci na dayazefam, wanda aka fi sani da Valium: a jikin ɗan shekara 20, rabinsa yana fita cikin kusan awa 20, a jikin ɗan shekara 80 yana iya ɗaukar kusan awa 90. To a cire rabin hantar kuma a ga yadda lissafin zai koma. Ƙwaya ɗaya da wani ya miƙo da kyakkyawar niyya "don Baba ya samu barci" tana iya kwantar da shi kwana biyu.

Farasitamol ba haramun ba ne ga mai ciwon hanta, amma ana rage shi. Sau da yawa likitoci kan tsayar da shi a giram 2 a rana, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500, kuma a tuna magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Diklofenak da ibufurofen da danginsu, waɗanda dattawa ke sha kamar goro saboda ciwon gwiwa, suna iya lalata ƙoda su kuma jawo zubar jini a ciki, a guje su sai da izinin likita. Taramadol da kodin suna kawo ruɗewa da taurin bayan gida. Abin da ya fi sauƙi shi ne ku zuba duk abin da majinyaci ke sha a leda ɗaya ku kawo asibiti: na hawan jini, na suga, na tsinka jini irin su asfirin da wafarin, har da garin magani da jiƙon da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Ba don a yi muku faɗa ba ne. Wasu za a dakatar kwanaki kafin aiki, wasu kuma dakatar da su ne haɗarin, kuma likita ne zai bambance.

Mai cutar B yana buƙatar maganin da ke danne ƙwayar cutar, tenofobir ko entekabir, kafin tiyata da bayanta, domin cutar kan tashi idan jiki ya sha wahala. Ga wanda ya haura shekara 60 ko mai raunin ƙoda, likita zai duba wanne ya fi dacewa. Ba a daina shan sa don an ji sauƙi.

Idan lissafi bai kai ba

Tsakanin babban aiki da komawa gida hannu rabbana akwai hanyoyi. Ana iya yanke ƙarin da ɗan abin da ke kewaye da shi kawai, a bar sauran hantar. Ana iya yin aikin ta ƙananan huji da kyamara, wanda ke rage zafi da matsalar huhu, abin da ke da amfani ƙwarai ga tsoho. Idan abin da zai rage ya yi kaɗan, akwai dabarar da likitocin Japan suka yaɗa: a toshe jijiyar da ke kai jini ɓangaren da za a cire, sai ɗaya ɓangaren ya girma cikin mako 4 zuwa 6 kafin a yi aikin. Wannan dabara gwaji ce kuma, domin hantar da ta ƙi girma a lokacin ta nuna ba za ta girma bayan yanka ba. Ƙaramin ƙari da bai wuce santimita 3 ba ana iya ƙona shi da allura mai zafi ta fata. Wanda shawara ta kama saboda toshewar bututun matsarmama, ana fara buɗe masa hanya har rawayar ta sauka. Ba kowane asibiti ke da waɗannan ba, amma ya kamata ku tambaya, ko da za a tura ku wani wuri.

Wani lokaci kuma amsar ita ce kada a yi aikin. Idan likita ya faɗi haka bayan ya auna komai, ba watsar da majinyaci ya yi ba. Akwai maganin zafi, da cire ruwan ciki, da kulawar da za ta sa ya zauna cikin iyalinsa da mutuncinsa.

A nan akwai wata al'ada da ya kamata a faɗa. Sau da yawa 'ya'ya kan ja likita gefe su ce kada a gaya wa Baba ko Inna abin da ke damunsu. Tausayi ne, mun sani. Amma jikinsa za a yanka, shi zai yi tari cikin zafi, shi zai tashi ya taka washegari. Dattijon da ya san dalilin aikin ya fi ba da haɗin kai, kuma wataƙila abin da yake so daban ne da abin da kuke so masa. Ana iya faɗa masa a hankali, cikin girmamawa, a gaban wanda ya fi amincewa da shi.

Makonnin kafin aiki

Mako biyu zuwa huɗu da ake jira ba na zaman banza ba ne. A sa majinyaci tafiya kullum, safe da yamma, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ya riƙa tashi daga kujera yana zama sau da yawa a jere. Ya koyi jan numfashi mai zurfi. Mai shan taba ya daina, mafi kyau mako huɗu kafin aiki; giya kuwa babu ita sam. A daidaita suga da hawan jini, a gyara ƙarancin jini idan akwai, 'yan uwa kuma su shirya ba da jini tun da wuri.

Batun abinci akwai kuskuren da ya yaɗu: da an ce ciwon hanta sai a hana mutum nama da ƙwai da wake, a bar shi da kunu da ruwan glukos. Wannan yana ƙara zubar da tsokar da muke ƙoƙarin ginawa. Sai dai idan likita ya ce akasin haka, majinyaci yana buƙatar furotin a kowane cin abinci: ƙwai, kifi, kaza, wake, alale, awara, nono da aka dafa. Idan ba ya iya cin da yawa, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Mai taurin hanta yana amfana da ɗan abinci kafin ya kwanta, domin hantarsa ba ta iya ajiye sukarin da zai kai shi safe. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano ne ake ragewa idan akwai ruwa a ciki ko kumburin ƙafa.

Bayan an fito

Za a so ya zauna, ya tashi, ya taka tun a rana ta farko ko ta biyu, a kuma fara ba shi abin sha da abinci da wuri. Kada ku ga kamar rashin tausayi ne. Kwanciya ita ce ke kawo namoniya da daskarewar jini a ƙafa.

Abin da ya fi tayar wa iyali hankali shi ne ruɗewa. Dattijon da ya shiga asibiti da hankalinsa garau sai ga shi a rana ta biyu ko ta uku yana sambatu, yana fizge robar ruwa, bai gane 'yarsa ba, ko kuma ya yi shiru yana ta barci. Wasu su ce iska ce, wasu su ce ruɗin tsufa ne ya zo. Ku sanar da ma'aikatan jinya nan take, domin kusan kullum akwai dalili: zafi, ƙwayoyin cuta, ƙarancin iska, saukar sukari, riƙewar fitsari, ko wani magani. Yana kuma iya zama hantar ce ta kasa tace gubar da ke fitowa daga hanji ta kai ƙwaƙwalwa. Alamarsa barcin rana da farkawar dare, da karkarwar hannu idan an miƙe shi. Wannan ana magance shi da laktulos, mai sa bayan gida sau biyu ko uku a rana. Abin da ku za ku iya yi shi ne mutum ɗaya da ya saba da shi ya zauna kusa, a ba shi tabaransa, a buɗe taga da rana, a riƙa gaya masa inda yake da ko wane lokaci ne, a kuma rage cincirindon masu dubiya.

Bayan sallama gajiya takan ɗauki wata biyu zuwa uku, a jikin dattijo ma fiye. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi na kusan mako shida idan buɗe ciki aka yi. A dawo asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba idan idanu suka yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi ko ya ragu sosai, ciki ya kumbura, zazzaɓi ya zo, ruwa mai launin kore ko rawaya ya fito daga wurin ɗinki, ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, ƙafa ɗaya ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ko barci ya yi yawa har tashinsa na wahala.

Idan kansa ce dalilin aikin, za a ci gaba da hoto da gwajin jini duk bayan wata uku zuwa shida, domin tana iya dawowa a hantar da ta rage, kuma wadda aka gano tana ƙarama ana iya ƙona ta ko a sake yankewa. Idan kuma an samu cutar B a jikin majinyacin, matarsa ko mijinta, da 'ya'ya, da 'yan uwan da suke ciki ɗaya, duk su je a gwada su. Wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi sau uku, wanda ke da ita kuma a fara bibiyar hantarsa tun yanzu.